Daga Askar Wanzami Zuwa Na'urar Gane Fuska: Tarihin Shaida Mutum a Ƙasar Batsari da Safana



Maƙalar wannan mako za ta bi sawun wata tsohuwar tambaya: idan mutum ya tsaya gabanka ya ce shi ne wane ɗan wane, da me za ka gaskata shi? A ƙasar Batsari da Safana amsar ta sauya har sau uku. Da farko fuska da bakin mutane ne shaida, daga baya takarda da dangwalen yatsa, yau kuma na'ura. Sauyin nan na ƙarshe an yi shi ne a gurguje cikin annobar korona, daidai lokacin da yankin ke tsakiyar bala'in 'yan bindiga. Abin da ya faru a 2020 da 2021 ya isa a tsaya a duba shi da kyau, domin har gobe shi ke yanke wa talaka hukunci a banki, a wurin jarrabawa, a rumfar zaɓe da wurin rabon tallafi.

ZAMANIN ASKA DA BAKIN MUTANE

A ƙarni na 19 wannan yanki bakin daga ne. Bayan jihadi, sarakunan Katsina na Haɓe sun koma arewa sun kafa Maraɗi, ƙasar Ruma da dajin da ke yammacinta suka zama hanyar hare-hare tsakanin ɓangarorin biyu. A irin wannan zamani, sanin wane ne wane batun rai da mutuwa ne, kuma katin shaidar lokacin a fuska yake. Wanzami ke bayar da shi tun yaro yana cikin tsumma: tsagar Katsinawa daban, ta Gobirawa daban, Zamfarawa da Barebari kowa da tasa. Yaron da aka kama a yaƙi aka sayar nesa, tsagarsa kan sa wani falke ya gane asalinsa, labari ya kai gida a nemi fansarsa. Ita ce kuma kan tona asirin mutum idan ya faɗa hannun abokan gaba.

Sai dai tsaga dangi take nunawa, ba ta ware mutum ɗaya daga cikin dangin. Wannan aikin bakin mutane ne. Baƙo ba ya kwana a gari sai mai unguwa ya san gidan da ya sauka, mai masaukin kuma shi ke ɗaukar alhakinsa. A kara, dillali ke tsaya wa mai sayar da saniya, kuma la'adar da yake karɓa har da ladan cewa ya san mutumin, dabbar ba ta sata ba ce. Shanun ma da tasu shaidar, a kunne ko a jiki, wadda makiyayi ke ganewa daga nesa. Tsarin ya yi aiki ne saboda mutane suna zaune wuri guda, kowa ya san uban kowa.

ZAMANIN HARAJI DA DANGWALE

Turawa sun shigo Katsina a 1903, kuma babbar damuwarsu ƙidaya ce: mutum nawa, shanu nawa, nawa za a biya. Suka ɗora aikin a kan sarautar da suka tarar. Mai unguwa ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya kai Katsina, ta hannun sarautun da har yau suke nan, irin su Sarkin Ruma na Batsari da Yariman Katsina na Safana. Duk shekara malaman haraji na rubuta sunan kowane baligi, masu jangali na bin rugage suna ƙirga shanu. Rasit ɗin haraji shi ne takardar shaida ta farko da talaka ya riƙe. Ɗan cirani da zai tafi Kano ko Kurmi yakan ninke shi ya adana kamar laya, don idan an tare shi a hanya shi zai nuna garinsu, ya kuma nuna ba gudun haraji ya yi ba.

Dangwalen yatsa kuwa ta Indiya ya biyo. A 1858 wani jami'in Ingila a Bengal, William Herschel, ya sa wani ɗan kwangila ya buga tafin hannunsa a takardar yarjejeniya don kada ya musa daga baya. A 1897 aka buɗe ofishin adana zanen yatsu na 'yan sanda a Kalkata, inda wasu Indiyawa biyu, Azizul Haque da Hem Chandra Bose, suka yi aikin tsara yadda za a jera zanen har a iya lalubo na mutum ɗaya cikin dubbai, amma sunan maigidansu Edward Henry tsarin ya ɗauka. 'Yan sandan Landan sun karɓe shi a 1901. Tun farkonsa, waɗanda ake mulka aka fi ɗora wa: a 1907 aka tilasta wa Indiyawan Transvaal da ke Afirka ta Kudu rajista da yatsu, abin da Gandhi ya jagoranci bijire masa, a Kenya kuma aka sa mazan Afirka rataya takardar da ke ɗauke da zanen yatsunsu a wuya, wadda suke kira kipande. Malamanmu kan ja hankali ga aya ta 4 ta Suratul Ƙiyama, inda aka ambaci gaɓoɓin yatsu a cikin hujjojin ikon Allah na tayar da matattu. A ƙasar Hausa dangwale ya zama sa hannun duk wanda bai yi boko ba, ko da kuwa malami ne mai rubuta Larabci da ajami.

A 1979 gwamnan tsohuwar jihar Kaduna, Balarabe Musa, ya soke haraji da jangali, lokacin Katsina tana ƙarƙashin Kaduna. Talakawa sun yi murna, kuma da dalilinsu, domin an sha azaba a wajen karɓar kuɗin nan. Amma dattawa da yawa kan ce tare da jangali aka binne littafin da ke nuna wace ruga ce a ina, ta wa ce, shanunta nawa. Ba a maye gurbinsa da komai ba.

SHIGOWAR NA'URA

Gwamnatin tarayya ta daɗe tana neman yi wa kowa katin ɗan ƙasa. A 2001 aka ba kamfanin Sagem na Faransa kwangilar dala miliyan 214, aka fita rajista a 2003, aikin ya ƙare da badaƙalar cin hanci. A 2007 aka kafa hukumar NIMC, mai ba da lambar NIN. A 2011 aka fara rajistar layukan waya da hoto da yatsa, a shekarar ce kuma INEC ƙarƙashin Farfesa Attahiru Jega ta kai kwamfutoci rumfuna don rajistar masu zaɓe. Ranar 14 ga Fabrairu 2014 Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar da BVN, a zaɓen 2015 kuma aka fito da na'urar karanta kati.

Matsalar da ta fito tun lokacin ita ce yatsa yana ƙarewa. Hannun da ya shekara arba'in yana riƙe da fartanya da gatari, ko yana ɓare rogo, ko yana daka da wanki, zanensa kan shafe ko ya tsattsage. Na tsofaffi kan lafe. Lalle ma kan hana na'ura gani, har hukumar JAMB ta sha gargaɗin ɗalibai mata su guje shi kafin rajista da jarrabawa. Manya ma ba su tsira ba: a Janairun 2011 na'ura ta ƙi yatsun Obasanjo a Abeokuta, ranar 28 ga Maris 2015 kuma ta ƙi tantance shugaban ƙasa mai ci, Goodluck Jonathan, a Otuoke. Bambancin shi ne su an tsaya an nemo musu mafita, manomin Runka ko Wagini kuwa sai a ce ya dawo gobe.

YADDA KORONA TA JUYA AKALA ZUWA FUSKA

Da korona ta ɓulla, gilashin da mutum ɗari ke dangwalawa a rana ya zama abin tsoro. A Maris 2020 gwamnatin Indiya ta dakatar da sa hannun ma'aikatanta ta yatsa, kamfanoni da filayen jirgi a duniya suka karkata ga na'urar da ke gane mutum ba tare da ya taɓa komai ba. Nan ƙirƙirarriyar basira ta samu kasuwa.

Aikinta ba sihiri ba ne. Ana nuna wa kwamfuta hotunan fuskoki miliyoyi, ana gaya mata waɗanne ne na mutum ɗaya, har ta koyi mayar da kowace fuska jerin lambobi. Idan ka tsaya gabanta sai ta mayar da taka lambobi, ta gwada da waɗanda ke ajiye, ta ba da maki. Wanda ya kafa ta shi ke yanke makin da za a ce ya isa. Idan ya tsaurara, za ta riƙa korar masu gaskiya. Idan ya sassauta, za ta riƙa karɓar na bogi. Babu na'urar da ta kuɓuta daga waɗannan kurakurai biyu.

Kuma abin da aka koya mata shi ta sani. A 2018 Joy Buolamwini, 'yar asalin Ghana da ke jami'ar MIT a Amurka, tare da Timnit Gebru, sun gwada manhajoji uku na manyan kamfanoni wajen bambance mace da namiji. Kuskurensu a kan maza farare bai kai kashi 1 cikin 100 ba, a kan mata baƙaƙe kuwa ya kai kusan kashi 35. A Disambar 2019 hukumar awo ta Amurka, NIST, ta gwada manhajoji 189 ta gano cewa da yawansu sun fi rikita fuskokin mutanen Afirka ta Yamma da ta Gabas, su ɗauki wani a matsayin wani. Sai ga takunkumi. A Yulin 2020 hukumar ta sake gwaji, ta ga cewa rufe hanci da baki yana sa har manhajoji masu kyau su gaza da kashi 5 zuwa 50 cikin 100. Kamfanonin suka koma suka horar da su su dogara da idanu da gira. Mu da muka saba da niƙabi da amawali da rawanin Buzaye, rufe fuska ba baƙon abu ba ne a wurinmu, amma sai da annoba ta rufe fuskokin Turai da Amurka kafin masu ƙera na'urar su ɗauki abin da muhimmanci.

SHEKARA BIYU A BATSARI DA SAFANA

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Ranar 14 ga Fabrairu 2020 'yan bindiga suka kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar cikin ƙaramar hukumar Batsari. Mako biyu bayan haka, ranar 27 ga wata, aka tabbatar da korona ta farko a Najeriya. A Afrilu cutar ta yi ajalin wani likita a Daura, aka shiga kulle garuruwa, ana taƙaita Juma'a da cin kasuwa. Ranar 18 ga Afrilu, ana cikin wannan hali, aka kashe mutum 47 a ƙauyukan Safana, Ɗanmusa da Dutsinma. Gwamnati na cewa a zauna a gida, gidan kuma shi ne wurin da ba ya zaunuwa.

Ranar 9 ga Disamba 2020 aka dakatar da sayar da sababbin layukan waya a faɗin ƙasa. Daren 11 ga wata aka kwashe ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, waɗanda aka sako 344 daga cikinsu ranar 17. A tsakanin nan, ranar 15 ga wata, ma'aikatar sadarwa ƙarƙashin Dakta Isa Ali Pantami ta ba da mako biyu kowa ya haɗa layinsa da NIN ko a rufe shi. Dalilin da aka bayar tsaro ne: idan kowane layi na da mai shi, mai neman kuɗin fansa ba zai ɓuya ba. A lokacin masu NIN a ƙasar miliyan 40 ne da ɗoriya, cikin al'umma sama da miliyan 200, kuma korona ta dawo zagaye na biyu. Gwamnatin da ke cewa a ba da tazara ita ce ta tara dubban mutane a ƙofar ofisoshin NIMC, har ma'aikatan hukumar suka tafi yajin aiki ranar 7 ga Janairu 2021, cikin ƙorafinsu har da rashin kayan kariya.

Ga mutumin ƙauyen bakin Rugu, umarnin na nufin ya hau babur ya bi hanyar da ake tare mutane, ya shigo Batsari ko Safana ko Dutsinma ko Katsina, ya bi layi, a ce masa babu sabis. Rajistar kyauta ce a hukumance, amma kuɗin mota da yinin da ya rasa ba kyauta ba ne. Wanda aka ƙone gidansa yana gudun hijira a makaranta ko gidan dangi, takardunsa sun tafi da wutar. Ga kuma rikicin suna. Bahaushe na da sunan yanka, da laƙabi, da sunan uba, da sunan gari. A banki Muhammadu, a katin zaɓe Mamman, a layin waya Mohammed. Wanda bai san ranar haihuwarsa ba sai a rubuta masa 1 ga Janairu. Mai unguwa ya san duk mutum ɗaya ne, na'ura kuwa mutum uku take gani. Gyaran ranar haihuwa a lokacin naira 15,000 ne. A 2021 JAMB ta wajabta NIN, don haka yaron da aka yi wa kuskuren harafi ɗaya zai iya rasa shekara.

Daga nan sai abin da ya fi ɗaure kai. A ƙarshen Agusta 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a dokar da ta hana sayar da dabbobi a kasuwannin yankin da sayar da fetur a jarka. A Satumba aka katse sabis ɗin waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Batsari da Safana, aka shafe watanni a haka. Mutanen da aka ce su haɗa layinsu kafin wa'adi, an kashe musu layin gaba ɗaya. Masu POS suka tsaya, saƙon banki ya daina shigowa, na'urar rajista ba ta da inda za ta tura bayani, ƙauyen da aka kai wa hari ba shi da hanyar kiran ɗauki. Ranar 4 ga Afrilu 2022 aka hana layuka sama da miliyan 72 kiran waya saboda ba a haɗa su da NIN ba.

RIBA DA HASARA

Adalci ne a faɗi inda na'urar ta yi amfani. BVN ya taimaka wajen bankaɗo ma'aikatan bogi a albashin gwamnati. A rajistar masu zaɓe ta 2021 zuwa 2022, manhajar INEC mai gwada yatsu da fuskoki ta fitar da rajista sama da miliyan 2.7 marasa inganci daga cikin sababbi miliyan 12 da ɗoriya. Na'urar BVAS, wadda aka fara gwadawa a Satumbar 2021 a jihar Delta, tana karɓar fuska idan yatsa ya ƙi, kuma wannan sauƙi ne ga tsofaffi da manoma a zaɓen 2023.

A fannin tsaro kuwa, an bar jaki ana dukan taiki. Na'ura tana gane wanda ya zo gabanta ne kawai, kuma ɗan bindiga ba ya bin layi. Da wayar wanda ya sace yake kiran iyalansa, layin da aka yi wa rajista da yatsa da fuskar mai gaskiya. Kuma tun farko ba a jahilci ko su wane ne ba. A Satumbar 2019 an zauna sulhu da su a bakin daji, an ɗauki hotuna da su riƙe da bindigogi. A Nuwambar 2022 hedikwatar tsaro ta fitar da sunayen jagorori 19 da garuruwansu, har da waɗanda aka ce daga Batsari suke, ta sa ladan naira miliyan 5 a kan kowane. A Janairun 2024 Pantami da kansa ya koka cewa hukumomin tsaro ba sa amfani da bayanan da aka tara yadda ya kamata. Sanin mutum daban, iya kai hannu gare shi daban.

Bayanan da aka tara ma ba su tsira ba. A Yunin 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa wasu shafukan intanet na sayar da bayanan 'yan Najeriya, har da NIN, a kan naira 100. Wanda aka sace wa makulli yana sauya kwaɗo, wanda aka sace wa zanen yatsa ba shi da na canji. Dokar kare bayanan jama'a sai a Yunin 2023 aka sa mata hannu, bayan an riga an tara na mutum kusan miliyan 100.

Ƙofofin da ke buƙatar lambar kuma sai ƙaruwa suke. Tallafin naira 20,000 na lokacin kulle hannu da hannu aka riƙa bayar da shi. Na yanzu sai da NIN. Tun Disambar 2023 Babban Banki ya wajabta BVN ko NIN har a kan ƙananan asusu. Wadda aka kashe wa miji a Tsauwa, da marayan da ke hannun kakarsu, da makiyayin da bai taɓa ɗaukar makami ba, su suka fi kowa buƙatar tallafi, su ne kuma suka fi nisa da wurin rajista.

Tarihin nan yana nuna cewa kowace shaida tana tsaye ne a kan wani abu. Tsaga da bakin mutane sun tsaya a kan zama wuri guda, rasit ya tsaya a kan sarauta, na'ura ta tsaya a kan wuta da sabis da hanya mai aminci. Idan aka wajabta ta inda babu waɗannan, mai gaskiya ke biyan tara. Abin da ya kamata wakilanmu da shugabannin ƙananan hukumominmu su nema a fili yake: a kai na'urar rajista kasuwannin mako da wuraren da 'yan gudun hijira suke, mai iya aiki ko babu sabis, a karɓi shaidar mai unguwa da dagaci wajen gyaran suna da kuma inda yatsa ya ƙi, kada a hana kowa tallafi ko magani saboda na'ura ta ce ba ta san shi ba. Mu kuma namu shi ne mu daidaita sunan 'ya'yanmu iri ɗaya tun daga takardar haihuwa, kada mu ba kowa NIN ko BVN ta waya, kada mu yi wa wanda ba mu sani ba rajistar layi da sunanmu, mu kuma raka tsofaffinmu idan za su je.

'Yan uwa na Ruma, Wagini, Zakka, Runka da sauran garuruwa, duk wanda ya ga rasit ɗin haraji a kayan mahaifinsa, ko yake tuna yadda aka yi rayuwa a watannin da babu sabis, ya ƙara mana a ƙasa domin a adana. Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa a annoba da hare-hare, ya mayar da masu gudun hijira gidajensu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.